Mota ba ta riƙe silo, bakanike kuma sai canki-canka da kuɗin mutane

Wallahi na gaji da irin aikin da ake yi mana a garejin gyaran mota. Matsalar da nake fama da ita duk mai tsohuwar mota ya san ta, ko Golf 3 yake ja, ko Carina E, ko 406: mota ta daina riƙe silo. Muddin ƙafarka na kan totur lafiya lau take tafiya, amma da ka ɗaga ƙafa ka taka birki sai allurar juyin inji ta zube ƙasa, mota ta hau karkarwa, ta mutu. Ta mutu a danja, ta mutu a tsakiyar shataletale, ga 'yan adaidaita sahu sun cika maka kunne da hon, ga yara a baya suna kukan zafi.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Idan inji ya mutu mota na gangarawa, sitiyari yakan yi nauyi nan take, birki kuma ka taka sau ɗaya ko biyu sai ya sandare, domin da iskar da inji ke zuƙa yake samun ƙarfinsa. Mutum yana ƙoƙarin shan kwana a gaban tirela mota ta mutu masa, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya? Rayukan mutane ne a ciki.

Na kai ta gareji na yi bayani dalla-dalla. Bakanike ko tsayawa ya saurari inji bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ai silo ne ya sauka, yanzu za a ɗaga." Ya ɗaure wayar totur, inji ya hau gurnani, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Silon irin waɗannan motoci tsakanin juyi 700 zuwa 900 yake zama a minti ɗaya idan inji ya yi zafi. Ka tura shi sama da 1,200 don kawai mota ta daina mutuwa, ka bar ciwon yana nan, ka ƙara wa mai mota shan mai, in kuma mai giyar otomatik ce duk sanda aka sa giya sai ta zabura. A wannan zamani da fetur ya zama abin da ya zama! Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Duk digon da ya ƙone a banza daga bakin iyalina aka cire shi.

Da ta ci gaba da mutuwa sai aka shiga canki-canka. A canza filogi. An canza, tana nan. To kwayil ne. An sayo, tana nan. To famfon mai ne. Daga nan a wanke nozul. Kowane zuwa da sabon suna da sabon kuɗi, kuma babu wanda ya taɓa ɗora ma'auni ya gwada abin da yake cewa ya lalace kafin ya ce in saya. Ƙarshe aka dube ni aka ce inji ya gaji, sai dai a sauke shi ko a sayo na Baljiyam. Injin da ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, yana hawa tudu ba gargada, shi ne ya gaji?

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan matsala tana da hanyar bincike sananniya, kuma yawancinta ba ta cin kuɗi. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar iska rufewa take yi, sai inji ya rayu da 'yar iskar da ke bi ta wata ƙaramar hanya, wadda wani bawul ke buɗewa yana rufewa bisa umarnin kwamfutar mota. Shekara da shekaru na ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan taru su toshe wannan hanya, bawul ɗin ya maƙale. Inji ya rasa numfashi, ya mutu. Maganinsa a kwance, a wanke da ruwan wanke kafireto, a mayar. Wannan shi ya kamata a fara dubawa, tare da matatar iska, wadda a garuruwanmu na Arewa ba ta daɗewa take cika da ƙasa.

Na biyu, tiyon roba. Motar da ta haura shekara ashirin a zafin Kano ko Sakkwato, robobinta sun bushe sun tsattsage. Tsaga ɗaya a tiyon da ke bayan na'urar auna iska ta isa ta shigar da iskar da kwamfuta ba ta san da ita ba, mai ya yi kaɗan, silo ya riƙa hawa da sauka. Mai kunne zai ji ƙarar tsotson iskar. Famfon mai kuwa akwai agogon da ake ɗaura masa a ga ƙarfin turinsa, a yawancin masu injekta na wancan zamani wajen 3 ne a ma'aunin matsi da ake kira 'bar'. Minti nawa wannan zai ci? Ga batir da caji: idan mota ta fi mutuwa lokacin da aka kunna fitila ko na'urar sanyi, ai sai a auna wuta, a ga ko tana kai bolt 14 ko kusa da haka inji na aiki. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, duk suna da wurin jona na'urar bincike a kusa da sitiyari. Na'urar nan yanzu har da waya ake haɗa ta. Amma ka yi maganarta a wasu garejin sai a ce ka cika iyayi.

A tawa motar, da na kai wa wani dattijon bakanike mai haƙuri, abin da ya samu ke nan: bawul ɗin silo ya toshe da baƙin datti, tiyo ɗaya ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sai kuma ya gano ɓarnar da aka yi mata tun tuni. An cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa. Wannan muguwar al'ada ta zama ruwan dare a wurinmu, wai ƙasarmu da zafi, ba ma buƙatarsa. To su Saudiyya da suka fi mu zafi, cirewa suke yi? Inji an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 90. Ka hana shi kaiwa can, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai, filogi ya yi baƙi, silo ya lalace. Fitilar gargaɗin inji ma ashe an zare ƙwanta don kada ta dame ni. Likitan da zai fasa ma'aunin zafi don kada a ga zazzaɓi, me za a kira shi?

Ban ce laifin na bakanike ne shi kaɗai ba. Man da muke sha ma abin kuka ne. Kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai. Na 'yan bumburutu kuwa, a jarka da mazurari a bakin titi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Tsada kuma ta sa yawancinmu da jar fitila muke yawo, alhali famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi, in mai ya yi ƙasa sai ya yi zafi, matatarsa ta cika da dattin gindin tanki. Ga kayan gyara na jabu a cikin kwali mai kyau, filogin da ba ya rufa wata. Talaka ya sayi abu da guminsa, a ce masa sa'a ce.

Amma duk wannan ba hujja ba ce ta karɓar kuɗin mutum a kan zato. Ku shugabannin ƙungiyoyin makanikai da kuke karɓar kuɗin rajista a kowane gareji, ina amfanin ƙungiyar in ba za ta koya wa yaranku aiki da ma'auni ba? Yaro ya shekara biyar yana miƙa sifana, a yaye shi bai taɓa riƙe na'urar auna wuta ba, gobe ya buɗe nasa wurin ya ci gaba da cire abin da bai san aikinsa ba. Ni dai daga yau duk wanda ya ce in sayi wani abu, sai ya gwada tsohon a gabana ya nuna mini inda ya gaza, kuma in ya canza matsalar ba ta tafi ba, ya mayar mini da nawa ya dawo mini da kuɗina.