Nasiha ga Matasa: Yaƙi Ba Ya Shafe Wa'adin Shugaban Ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa. Duk lokacin da Amurka ta shiga wani rikici, ko aka ga alamar za ta shiga, sai wata magana ta sake kunno kai a WhatsApp da Facebook, cewa wai shugaban ƙasa ba ya sauka muddin ana yaƙi, ko da kuwa wa'adinsa ya cika. Da yawa daga cikinmu muna tura ta gaba ba tare da bincike ba, wasu ma har su kafa hujja da ita a majalisar hira kamar sun karanto ta a littafi. Ina roƙonmu da mu daina, domin maganar ba gaskiya ba ce, kuma idan ta zauna a zukatan jama'a, ba a Amurka illarta za ta tsaya ba.

Masu wannan da'awa sukan kafa hujja da Franklin Roosevelt, wanda aka zaɓa sau huɗu, a 1932 da 1936 da 1940 da 1944. Abin da suke tsallakewa shi ne, a zamaninsa babu dokar da ta ƙayyade wa'adi, al'ada ce kawai da aka gada daga George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda ya yi zango biyu ya koma gonarsa. Kuma Roosevelt bai taɓa zarcewa da sunan yaƙi ba, takara yake tsayawa kowane karo, har a 1944 lokacin da sojojin ƙasarsa ke fafatawa a Turai, ya kara da Thomas Dewey aka jefa ƙuri'a ya yi nasara. Bayan rasuwarsa a watan Afrilu na 1945 ne majalisar dokoki ta amince da gyara na 22 ga kundin tsarin mulki a 1947, jihohi kuma suka gama tabbatar da shi a 1951, wanda ya hana a zaɓi mutum ɗaya fiye da sau biyu. Ku lura da kyau: waɗanda suka rubuta gyaran nan ba su daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, kuma ana tsakiyar yaƙin Koriya aka tabbatar da shi. Da suna so su bar wa yaƙi ƙofa da sun bari, amma ba su bari ba. Ban da haka, gyara na 20 ya ce wa'adin shugaba yana ƙarewa da tsakar ranar 20 ga Janairu, ranar zaɓe kuwa majalisa ce ke da ikon tsayar da ita, ba mai riƙe da kujera ba.

Ko a 1864, ƙasar tana rabe biyu cikin yaƙin basasa, Abraham Lincoln bai ɗage zaɓe ba, alhali a lokacin shi kansa yana tsammanin zai faɗi.

A ganina ruɗanin na yanzu daga Yukren ya samo asali, inda Volodymyr Zelensky, wanda aka zaɓa a 2019, ya ci gaba da mulki bayan shekarunsa biyar sun cika a watan Mayu na 2024. Amma dokar ƙasar ce ta hana zaɓe a ƙarƙashin dokar soja da aka kafa tun farmakin Rasha na Fabrairun 2022, kuma shi yana zangonsa na farko ne. Ɗage ranar zaɓe daban, soke ƙayyadadden wa'adi daban, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren da ake so mu faɗa.

Wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye, domin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yi magana a kansa. Sashe na 135, ƙaramin sashe na 3, ya ce idan Tarayya tana yaƙin da ya taɓa ƙasar Najeriya kanta, kuma shugaba ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, Majalisar Tarayya na iya tsawaita shekaru huɗun da ƙuduri, amma kada ƙarin ya wuce wata shida a kowane karo. Ikon yana hannun majalisa ke nan, ba fadar shugaba ba, ko da yake dole a faɗi gaskiya cewa damar maimaita ƙarin kafa ce da ya kamata a sa wa ido sosai. Sashe na 137 kuwa, wanda ya haramta takara ga wanda aka riga aka zaɓa sau biyu, bai keɓe lokacin yaƙi ba ko kaɗan.

Inda nake jin tsoro a kanmu shi ne ranar da mai neman tazarce zai kasance gwaninmu. A ranar za mu fara cewa ai ƙasa tana cikin hali, ai babu mai iya riƙe ta sai shi, kamar yadda magoya bayan Tandja Mamadou, shugaban Nijar na lokacin, suka ce a bar shi ya kammala ayyukansa a 2009, lamarin da ya ƙare da juyin mulki a Fabrairun 2010. Ku tuna kuma cewa shugaban da yaƙi ke tsawaita wa zama ba shi da dalilin gaggauta kawo ƙarshensa, alhali 'ya'yan talakawa ne ke zuwa fagen daga. Saboda haka duk wanda ya kawo muku wannan zance, ku tambaye shi wace ƙasa yake nufi, wane sashe na doka ne ya ce haka, kuma wa ke da ikon yanke hukuncin.

A 2015, Boko Haram tana riƙe da garuruwa a arewa maso gabas, hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris bisa dalilin tsaro. Makonni shida aka ƙara, ba a taɓa wa'adin kowa ba, kuma ranar 29 ga Mayu Goodluck Jonathan ya miƙa mulki ga Muhammadu Buhari.