Yadda aka ƙaddamar da littafina a bakin kaskon ƙosai

Tun ina sakandare ake ce min na iya tsara zance, shi ya sa ranar da na ƙuduri rubuta littafi ban tsaya wata-wata ba. Na je kasuwar Sabon Gari na sayo rim guda na farar takarda, da biro shuɗi na rubutu, da ja na gyara. Na kuma kafa doka a gida: daga bayan isha'i kar wanda ya taɓa min ƙofa, sai fa in tuwo ne ya sauka.

Labarin yana kaina tsaf. Wani attajiri ne marowaci ya hana 'yarsa auren malamin firamare. Layin farko ne ya ƙi. Na rubuta "Wata rana da safe", na dube shi na ga kamar insha'in ɗan aji uku, na soke. Na rubuta "Gari ya waye, tsuntsaye na ta kuka", sai na tuna a layinmu na Tudun Wada ba abin da ke kuka da asuba sai injin niƙan maƙwabta. Na soke. In Allah ya taimake ni na kai shafi na biyu, sai in koma sama in karanta, in ji sunan attajirin bai yi ƙamshin rowa ba. Alhaji Tanko ya zama Alhaji Audu, Alhaji Audu ya zama Alhaji Ɗanlami. Ni kuwa ba na iya kallon takarda mai kanci, don haka kowane canji sai na dunƙule tsohuwar na wurga kwando, na sake daga bisimilla. Jan biro ya ƙare ƙaf, shuɗin ko rabi bai yi ba.

Maiɗakina Hausa ta karanta a jami'a, kuma ba ta bari in manta. Wani dare ta ajiye min shayi ta ce, "Malam, ka san a garin nan na Zariya Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cikin wata shida? Ba kwamfuta, ba waya. Bayan shekara uku kuma aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kai ga shi damina ta shiga ta fita, har yanzu gari bai gama wayewa ba a shafinka na ɗaya." Na ce mata zamani ya canza, masu karatun yanzu idonsu a buɗe yake. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ɗauki kwandon ta fita.

Ashe ba bola take kai takardun ba. Inna mai ƙosai ta bakin layi take ba, ita kuma ta warware su, ta danne da dutse su miƙe, ta riƙa naɗe wa mutane ƙosai a ciki.

Ban san wainar da ake toyawa ba sai wata Asabar da na zo wucewa ta teburin mai shayi. Ya ɗaga murya: "Malam marubuci! Yanzu fisabilillahi haka Alhaji zai bar yarinyar nan tana kuka?" Na waiga, sai ga shafukana shimfiɗe a kan benci, sun sha mai har ana ganin katako ta cikinsu, ga yaji a kan sakin layin da na kwana ina gogewa. 'Yan majalisa sun jera su bi da bi, sun danne da gwangwanin madara. Wani ma ƙosan ɗari biyu ya ƙara saya don neman shafi na huɗu, aka naɗo masa "Wata rana da safe" karo na ba adadi.

Ana wata ga wata. Duk sunayen nan uku da na gwada, akwai masu su a layin, kuma dukansu sun je Makka. Bayan la'asar na farko ya yi min sallama da takarda a hannu, yana huci. "Ɗan nan, ni ne marowaci? Ni da na ba ka aron tabarma ranar sunan 'yarka?" Ina cikin ba da haƙuri na biyu ya iso da tasa takardar. Na ukun bai zo ba, uwargidansa ce ta aiko a ce min Allah ya yi min albarka, ko a waƙafi ban yi ƙarya ba.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Ya sa tabarau ya karanta shafukan, ya shinshina ɗaya, sannan ya yanke hukunci: a ba attajirin sunan da babu mai shi daga nan har Ƙofar Doka, kuma duk Juma'a in kawo babi guda majalisa a karanta a bainar jama'a, don kowa ya tabbatar ba da shi ake ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai na gyara tukun." Ya ce gyaran ne ya tara mu a nan. Inna kuma ta aiko da nata sharaɗin, wai in daina sa jan biro, yana ɓata mata ƙosai.

Haka na shiga rubutu ba waiwaye, daren Alhamis ina gumi, ba lokacin sake suna balle kukan tsuntsu. A babi na bakwai, ana tsakiyar karatu, wani tela ya ɗaga hannu ya ce direban Alhaji da na kashe a hatsarin Kwangila tun babi na huɗu, ga shi nan zaune a wajen ɗaurin aure yana rabon goro. Na miƙa hannu zan karɓi takardar in gyara, mai shayi ya riga ni, ya cusa ta a aljihu.

"Bar shi, Malam," in ji shi. "Duk littafin nan shi kaɗai ke biyan kuɗin shayi."