Jikan masunci a kan kogin Kuskokwim

Ƙauyen da nake koyar da lissafi yana bakin kogin Kuskokwim a jihar Alaska ta Amurka, sama da garin Bethel. Babu titin da ya zo nan. In ruwa na gudu, sai kwale-kwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama. In hunturu ya kama kuwa, kogin ne ke zama titi, daskarewa yake yi har motoci su bi ta kansa. Mutanen garin 'yan ƙabilar Yupik ne. Kayan kanti daga nesa ake jigilarsu, farashinsu sai wane da wane, kifin salmon da aka saba shanyawa kuma ya ja baya a shekarun nan, har hukuma kan rufe kamunsa. Shi ya sa ragar da ake sawa a ƙarƙashin ƙanƙara ba wasa ba ce a wurinsu, da ita ake ɗora tukunya.

Ni mutumin Yawuri ne, kakana masunci ne, kuma babu wanda ya taɓa zama da ni a garin nan bai ji wannan ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dokar jihar ta ce sai ka cika wata 12 kana zaune a Alaska kafin ka shiga kamun kifin ci a gida. To, ina cikawa, tsohon maƙwabcina da nake kira Baba ya leƙo ya ce, "Malam, gobe za mu sa raga. Ka ce gadonku ne." Na ce, "Baba, ai faɗuwa ta zo daidai da zama."

A watan Nuwamba ne, kaurin ƙanƙarar bai wuce inci 6 ba. Inci 4 mai garai-garai yana ɗaukar mutum a ƙafa, amma ta kogi ba a yarda da ita, don ruwa na cin ta daga ƙasa, nan da kauri, taku uku gaba ba kauri. Baba ne a gaba da dagi, yana tafe yana sokawa. Dagin dogo ne, bakin ƙarfe mai kaifi, a gindin ƙotarsa akwai zoben igiya da ake zura hannu, saboda ranar da ya ɓurma kwatsam, in ba ya rataye a hannunka, kogi ya samu kyauta. Ba a kuma gaggawar sa raga da zarar sama ta daskare. Sai an jira ɓarɓashin ƙanƙarar da ke bin ruwa ta ƙasa ya daina wucewa, in ba haka ba ya cika idon raga ya mai da ita bango.

Wurin da Baba ya zaɓa bayan wata kwana ne, inda ruwa ke juyowa ya lafa. A jere da ruwa ake shimfiɗa ragar. In ka gitta ta inda ruwa ke da ƙarfi, ciki za ta yi, ta tara karikitai, ta yage. Tsawon tamu ƙafa 60, idonta inci 4, daidai kan farin kifi. Igiyar sama na ɗauke da robobin da ke ɗaga ta, ta ƙasa kuma da dalma.

Tambayar da duk wanda na ba labarin nan yake yi ita ce, ta yaya raga za ta miƙe a ƙarƙashin abin da ba ka iya shiga? Da sanda ne. Muka fasa rami 6 a layi, ƙafa 12 tsakanin kowanne. Na farko da na ƙarshe manya, yadda raga da kifinta za su fito, huɗun tsakiya ƙanana. Aka kawo busasshiyar sanda mai ƙafa 15, an fere ɓawonta ta yi fari don a gan ta cikin baƙin ruwa, aka ɗaura igiya a wutsiyarta. Busasshen ice ba ya nutsewa, manne wa cikin ƙanƙara yake yi. Ka tura ta daga ramin farko, kanta ya leƙo a na biyu, a danne ta da gwafa a miƙa ta gaba, haka har ramin ƙarshe, inda ake zaƙulo ta da sanda mai ƙugiya. Ruwa kan karkatar da kanta, sai ka kwanta rub da ciki kana leƙe kana lalube. Dole tazarar ramuka ta gaza tsawon sanda. Wannan na bayyana wa Baba da lissafi, ya saurara da haƙuri irin na wanda ya shekara hamsin yana yi.

Da igiya ta ratsa, sauran sauƙi ne. A ɗaura raga, ɗaya na saki, ɗaya na ja daga can. Kowane baki a ɗaure shi jikin doguwar sanda da aka soka ta rami, a gwada yadda igiyar sama za ta zauna ƙafa ɗaya ko biyu ƙasa da cikin ƙanƙara. Nan ne mutane ke asarar raga. Ƙanƙara ƙasa take girma, in ta taɓa robobin ta haɗiye su, ka yi sallama da ragarka, sai watan Mayu in kogi ya fashe ya tafi da ita. Don haka duk lokacin da kauri ya ƙaru sai a ƙara sauke ta. Aka rubuta sunan Baba da adireshinsa jikin turke kamar yadda doka ta ce, aka kafa rassa don masu babur ɗin ƙanƙara su gani, aka tula dusar ƙanƙara a kan ramukan baki don kada su daskare da yawa. Na tsakiya kuwa an gama da su. Ba a sake buɗe su, sai in wani ya yi abin da bai kamata ba.

Kullum ko bayan kwana biyu ake duba raga, in ta daɗe kifi ya mutu ya yi laushi. Dabarar duka a igiya ɗaya take. Ka buɗe ramin can nesa, kana sara a hankali kada dagi ya datse igiyar ragar. Ka ɗaura doguwar igiya, wadda ta fi ragar tsawo, a bakinta, sannan ka kwance ta daga sanda. Na wancan ɓangaren ya jawo raga waje, igiyarka ta bi ta ta ƙasa ta maye gurbinta. In an gama cire kifi, kai kuma ka ja igiya, raga ta koma mazauninta.

Jikar Baba ce ke wannan aikin, yarinya 'yar aji huɗu. Wata Asabar a Disamba aka ce ta zauna gida tana mura, aka ba jikan masunci.

Rana ba ta fito ba sai wajen ƙarfe 11, kuma kafin biyar za ta faɗi. Sanyi ya haura digiri 25 ƙasa da sifili. Na buɗe ramina, na tsame ɓarɓashi da matsami, na ɗauko igiya. Ta roba ce, ta jiƙe tun dubawar baya, ta sandare. Safar hannuna kuwa irin mai gida ɗaya ce, yatsu huɗu a ɗaki guda, babban yatsa shi kaɗai. Na san ana cirewa a ɗaura da hannu tsirara. Amma na duba safar, na duba iskar, na ga babu dalilin raba su. Na yi ƙulli biyu, ya yi girma ya cika ido, na kwance raga, na ɗaga wa Baba hannu.

Har yau na tsaya a kan cewa ƙullin ba shi da aibu a kan tudu. Abin da ya faru kimiyya ce. Igiyar da ta sandare ba ta matsuwa, ƙanƙarar jikinta ce ke riƙe da ƙulli. Ruwan kogi kuwa a sifili yake, ya fi iska ɗumi nesa ba kusa ba. Tana shiga, ƙanƙarar ta narke, ƙulli ya saki jiki. Igiya ta bi raga kamar kamu biyu, sai ta tsaya. Baba na can yana ja, ni a nan igiya ta kwanta lumui.

Na yi abin da kowane mai hankali zai yi, na ci gaba da zura ta cikin rami da hannu. Daga nesa dai aiki na tafiya. Na zura kusan rabinta, ruwa na karɓa yana kai ta inda ya ga dama, ina addu'ar ko ta haɗu da ragar a hanya su sasanta.

Bakin raga ya fito a hannun Baba fayau, babu komai a jikinsa. Ya juya shi, ya dube shi, ya dubo ni. Na tako ƙafa 60 ɗin nan a hankali. Na ce, "Baba, igiyar nan fa ba ta da kyau." Bai ce komai ba. Na ce, "Sai mun sake fasa na tsakiya ke nan?" Ya ɗaga gira. A wurin Yupik ɗaga gira shi ne e, kuma ban taɓa ganin e mai nauyin wannan ba.

Kifi dai ya kamu, kuma ba ya jira. Farin kifi ta kunne yake sarƙewa, gaba ake tura shi ya ratsa idon raga, in ka ja baya ka yaga raga ka ɓata kifi. Akwai mai dogon baki da suke ce wa faik, haƙoransa sun fi reza, shi ta bayan kai ake kama shi. Akwai lush, mai kama da tarwada amma gemunsa ɗaya tal, hantarsa tsofaffi ke rububi. Duk da hannu tsirara ake yi. In yatsu suka daina jin magana, sai ka tsoma su cikin ramin su ɗan farfaɗo, ka goge, ka cusa a hammata. Kifin da ka jefa kan dusa kafin ka cire biyar ya sandare. Ita ma ragar da ba ta koma ruwa ba haka ta yi, ta dunƙule ta zama curi guda. Ba a fizgar ta a haka, a kwandon ja muka ɗora ta.

Ramukan da muka fasa cikin raha a Nuwamba yanzu kaurinsu ya haura ƙafa 2. Baba ya koma ya ɗauko zarto mai inji, ya tsiyaye man sarƙarsa don kada ya gurɓata ruwan. Da shi ake yanka sama a ɓamɓare, sauran a bar wa dagi, dagin kuma aka bar mini. Ga abin da ba wanda ya gaya mini sai da na gani: ka gama faɗaɗa raminka tun yana bushe. Kana ɓurmawa ruwa zai taso ya cika shi kusan baki, daga nan duk sara ɗaya fuskarka za ta sha, ya daskare a gemu. Ga kuma sandar nan mai ƙafa 15, ba ta iya shan kwana ta rami mai zurfi. Sai da muka sare mata doguwar kwata mai gangara a ramin farko kafin ta yarda ta kwanta. Ana cikin haka na ja da baya na taka inda ruwa ya kwanta tsakanin dusa da ƙanƙara, ƙafar hagu ta nutse har idon sawu. Azahar da la'asar a nan dab da juna suke da hunturu, kafin na ankara magariba ta same mu a rami na huɗu.

A ɗakina ragar ta kwana, rataye kusa da murhu, tana ɗiga tana ƙarni. Kowane gida a garin yana da rediyon oba-oba, da shi ake cigiya da sanarwa da gaisuwa. Da daddare na ji wata tsohuwa ta hau tana magana da yarensu. Ban fahimta ba, amma na ji sunan Najeriya a ciki, sannan wani ya danna nasa don kawai a ji dariyarsa.

Washegari muka ƙarasa, raga ta koma. Ran Litinin ina shiga aji wani yaro ya ɗaga hannu da ladabi. "Malam, in rami 4 ne, kowanne kaurin ƙafa 2, ƙafa nawa mutum zai sara in bai cire safar hannu ba?" Na ce ba ya cikin manhaja.

Baba bai karɓe mini ramin nesa ba, mutumin kirki ne. Yanzu a cikin riga nake ɗauko igiyar don ta iso da laushi, in cire safa, in ɗaura, in ja da ƙarfina, ɗaya bakin kuma in ɗaure shi a turke. Sai dai ba ni da izinin kwance raga sai jikarsa ta zo ta tsuguna ta jijjiga ƙullin. Wani lokaci takan ɗaga gira nan take. Makon jiya kuwa cewa ta yi, "Malam, sake."