A bar ɗalibai su binciki rikici

A watan Janairun 2024 hukumar da ke kula da jami'o'in gwamnatin jihar Florida a Amurka ta cire darasin nazarin zamantakewar al'umma daga jerin manyan darussan share fage, ta sa na tarihin Amurka a gurbinsa. Hujjar kwamishinan ilimi na jihar a lokacin, Manny Diaz, ita ce wai masu fafutukar kawo sauyi sun mamaye fannin. Ba Florida ce ta fara ba. Gwamnatin Viktor Orban a Hangari ta soke digiri na biyu a nazarin jinsi a 2018, kuma matsin lambarta ne ya sa jami'ar Central European University (CEU) ta kwashe kayanta daga Budapest ta koma Viyana. Tun a 2015 ministan ilimin Japan ya rubuta wa jami'o'in gwamnati takarda cewa su rufe sassan nazarin zamantakewa da adabi, ko su mayar da su abin da zai fi "amfanar" ƙasa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wannan tunani ke gangarowa har teburin malamin da ke duba aikin ɗalibi. Yaro ya zo da sha'awar binciken yajin aiki, ko rigimar fili, ko saɓanin addini a wata unguwa, sai a ce masa batun yana da zafi, ya nemi wani. Ya fita ya dawo da taken da ba zai taɓa kowa ba, kuma ba zai koya wa kowa komai ba. A ƙarƙashin wannan shawara akwai zaton cewa wanda ya binciki rikici yana rura shi, kamar dai rikicin jiran zuwan ɗalibi yake kafin ya tashi.

To, in an cire saɓani daga tarihi da kimiyyar siyasa da nazarin al'umma, me ya saura? Waye ke mulki, wa aka hana, wa ya ƙi yarda, ta yaya aka sasanta ko aka kasa: waɗannan su ne ainihin tambayoyin fannonin nan. Kuma ɗalibai sun sha ba da amsoshin da manya suka kasa bayarwa.

Mu ɗauki Ruwanda. Bayan kisan kiyashin 1994, inda aka hallaka mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, bayanin da ya karaɗe duniya shi ne tsohuwar ƙiyayya tsakanin Hutu da Tutsi ce ta fashe. Bayani ne mai sauƙin faɗa, mai wanke kowa daga laifi, domin ba a kai ƙiyayyar kakanni kotu. Scott Straus yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Berkeley ya shiga gidajen yarin Ruwanda, ya zauna da fiye da mutum 200 da aka yanke wa hukunci kan kisan. Abin da ya samo ya saɓa wa wancan labari. Yawancinsu talakawa ne manoma, da dama suna zaman lafiya da maƙwabtansu Tutsi kafin lokacin, wasu ma akwai auratayya a tsakani. Abin da suka riƙa ambatawa shi ne tsoron yaƙin da ake yi, da matsin lamba daga ƴan'uwansu Hutu, da umarnin hukuma da ya sauko har ƙauye. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. In ƙiyayyar jini ce, sai dai a rungume hannu. In kuwa tsoro ne da umarni, to akwai waɗanda suka ba da umarnin, kuma akwai alamomin da za a iya ganowa tun kafin a zare adda. Da malaminsa ya ce masa batun yana da zafi, da ƙila har yau tatsuniyar muke maimaitawa.

Masu cewa ɗalibai na shigar da ra'ayinsu cikin irin wannan aiki su gaya mana amfanin malami mai dubawa da jarrabawar kare kundi.

Maganar haɗari kuwa gaskiya ce, ba na musun ta. Giulio Regeni, ɗan Italiya mai karatu a jami'ar Kambirij, yana binciken ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu a Masar, har da ta ƴan tireda, ya ɓace a Alƙahira ranar 25 ga Janairun 2016. An tsinci gawarsa ranar 3 ga Fabrairu da alamun azabtarwa. Matthew Hedges na jami'ar Durham an kama shi a Dubai a 2018, aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan zargin leƙen asiri, kafin a yi masa afuwa bayan ƴan kwanaki. Amma a dubi darasin da ake so a ɗauka daga nan: tunda an kashe mai bincike, a daina binciken. Wannan ai cika wa makasan burinsu ne. Wanda ya azabtar da ɗalibi saboda yana tambayar ƴan tireda yadda suke haɗa kai ya san darajar tambayar, ya ma fi wasu shugabannin jami'a sanin ta. Jami'ar da ta mayar da kwamitin ɗa'ar bincike garkuwar kare kanta daga shari'a, tana ƙin amincewa da duk aikin da ke da ƙamshin rigima, tsoro ne ke damun ta, ko da ta laƙaba masa sunan kulawa. Abin kunya ne a ce gidan ilimi ne ke toshe bakin ɗalibinsa tun kafin ɗan sanda ya buɗe nasa.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A koya wa ɗalibi yadda zai ɓoye sunayen waɗanda ya zanta da su da yadda zai adana bayanansu, malami ya san inda ɗalibinsa yake da wanda zai kira in an ji shiru, jami'a kuma ta tsaya masa da lauyoyinta ranar da aka taɓa shi. Ƴan siyasa su cire hannunsu daga manhajar karatu. Malamin da ba zai iya duba aikin da ya shafi rikici ba ya faɗa a fili, ya miƙa ɗalibin ga wanda zai iya.