In alƙalami ya ƙafe, littafin shawara zai jiƙa shi?

Wata ƙanwata tana cikin marubutan nan masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp. Kwanakin baya ta yi mako uku ba ta ƙara ko layi ɗaya ba. Kullum bayan isha'i, in yara sun yi barci, sai ta jingina da bango ta buɗe waya, ta rubuta "Washegari da safe", ta goge. Can cikin zauren kuwa saƙonni sai shigowa suke: "Anti, yau ma shiru?" "Anti, mun fa biya kuɗinmu." Da abin ya ishe ta, ta sayi ɗaya daga cikin littattafan Turancin nan masu koya wa mutum yadda zai farfaɗo da basirarsa, irin waɗanda ake talla a bakin danja. Ta karance shi tas cikin kwana huɗu, har da jan layi da jan biro. Labarin dai yana nan inda ta bar shi, amarya na zaune cikin mota ba a kai ta ɗakinta ba.

Ba na cikin masu cewa littattafan nan shirme ne. Julia Cameron, wata Ba'amurkiya, ta fitar da The Artist's Way a 1992, kuma ƙashin bayansa shi ne mutum ya cika shafi uku da hannu kowace safiya, duk abin da ya faɗo masa a rai, ba gyara, ba nuna wa kowa. Ga wanda tsoro ya ɗaure wa hannu, mai gudun kada a ce bai iya ba, wannan dabara ce ta gaske, don tana raba shi da alƙalin da ke zaune a kansa. Amma ga shi na faɗe ta a jimla ɗaya. Sauran shafukan galibi rarrashi ne, kuma daɗin rarrashin ne tarkon: kana karantawa kana jin kamar aiki kake, alhali farar takardar tana nan fara.

Tun da likitan ƙwaƙwalwa Edmund Bergler ya raɗa wa abin suna a 1947, Turawa suka fi kallon toshewar basira a matsayin ciwon da ke cikin ran marubuci, kuma a kan haka aka gina yawancin littattafan. An rubuta su ne don mai ɗaki nasa shi kaɗai, da tebur, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ka ce wa matar aure mai 'ya'ya huɗu ta tashi da asuba ta cika shafi uku? Asubar da za ta yi salla, ta ɗumama tuwo, ta nemo takalmin makarantar da ya ɓata ƙafa ɗaya? Ita gajiya ce ke damunta, da waya mai saura kashi tara na caji.

Abin da ya fi wannan girma, wanda marubutanmu ba sa son a faɗa, shi ne rumbu ya ƙare. Mutum ya shekara biyu yana fitar da shafi kullum, ba ya karanta komai sai labaran 'yan'uwansa da su ma daga gare shi suke ɗiba, ina hatsi zai fito? Dubi Abubakar Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar talifi a can, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, kuma cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Basira kam yana da ita, ba musu. Amma an sauke masa wani aikin, an cika masa gaba da abin karantawa, ga edita na jiran abin da ya rubuta, ga wa'adi. Ko ɗaya daga cikin huɗun nan littafin bakin danja ba zai ba ka ba.

Da ƙanwar tawa ta kawo mini kuka, na tambaye ta yaushe rabonta da zuwa kai amarya. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai ni yanzu sai dai in tura gudummawa." Na ce to, ranar Asabar akwai na 'yar maƙwabta, ki bar wayar cikin jaka, ki zauna kusa da tsofaffin da ke yi wa amarya faɗa, ki ji me suke cewa da kuma me suke haɗiyewa. Ta je. Ta dawo ƙarfe goma sha ɗaya na dare da ciwon kai da turaren wuta a mayafi, tana ba ni labarin wata gwaggo da ta hana a sauko da amarya daga mota sai an biya kuɗin sayen baki. Littafin kuwa yana kan firij, ƙarƙashin kwandon albasa.