Intanet ɗin unguwa: me ya sa kowa ke sarin megansa shi kaɗai?

Ƙanena yana sana'ar raba wayifai a wata unguwar ɗalibai a Zariya. Ƙarfen sabis ɗaya a bayan gida, eriyoyin Ubiquiti shida, rautar MikroTik, sola da batura, sai katin shiga da yake bugawa yana sayarwa, na yini, na mako, na wata. Ni kuma shekarata tara ke nan a Vic, wani gari a yankin Kataloniya ta ƙasar Sifaniya, arewa da Barsalona, ina hawa rufin gidaje da rumbunan gonaki ina ɗaura wa wani ƙaramin kamfani irin waɗannan eriyoyi. Kayan aikinmu iri ɗaya ne, wani lokaci har lambar da ke jikin kwalin. Inda muka rabu shi ne wurin ɗebo ruwan da kowa ke zubawa a bututunsa.

Wani dare bayan isha'i ya kira ni, murya duk a dagule.

"Yaya, sabis ya sake kwanciya. Yara sun ishe ni da kira, wasu har zagi."

"Mega nawa ka saya?"

"Hamsin. Kuma nawa ne ni kaɗai, haka aka rubuta a takarda."

Na ce ya buɗe min ƙofa in shiga rautar daga nan. Na bar ta kwana uku tana awon gudun layin, wato mega nawa ke wucewa a kowane sakan. Ƙarfe ukun dare, hamsin ɗin nan cif. Ƙarfe taran dare kuwa, da ƙyar ake ganin goma sha biyu. Ba sai an kira boka ba: dillalin da ya sayar masa ya sayar wa wasu mutum uku ko huɗu wannan hamsin ɗin, kowa an ce masa nasa ne shi kaɗai. Ƙanena ya yi ta Allah ya isa. Na bari ya huce, sannan na tambaye shi ɗalibai nawa ne a kan layin, kuma mega nawa ya yi wa kowa alkawari. Ɗari biyu da wani abu, kowa mega biyar. Sai ya yi shiru, ni ma na yi.

Ba na ganin laifin raba layi ɗaya wa mutane da yawa. Sana'ar ke nan, a ko'ina a duniya. Mai rijiyar burtsatse ya san 'yan garuwa ba za su zo duka a lokaci guda ba, shi ya sa famfo biyu ke isar unguwa. Mu ma a nan haka muke yi, babu kamfanin da zai saya wa kowane gida cikakken abin da ya rubuta masa a takarda. Matsalar gida ita ce ana yin rabon hawa-hawa, kuma a ɓoye. Babban kamfani ya raba, dillalinsa ya sake rabawa, ƙaramin dillali ya ƙara, mai wayifai na unguwa ya kammala. Kowa ya tauye mudu kaɗan, babu wanda ya nuna wa na ƙasa da shi ma'auni. Kafin abin ya iso wayar ɗalibi, sai ɗigo.

Kuma ba don babu ruwa a ƙasar ba. Legas cike take da wayoyin ƙarƙashin teku. SAT-3 ce ta daɗe ita kaɗai, sai MainOne ta Funke Opeke da Glo-1 suka iso a 2010, WACS da ACE suka biyo baya, Equiano ta Google ta sauka a 2022. A bakin teku mega ya yi araha ƙwarai idan aka kwatanta da da. Amma daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko kusa da haka, kuma kowace mita ta wayar faiba sai an haƙa mata rami, an biya kuɗin izinin wucewa, an gyara ta duk lokacin da katafilar masu aikin hanya ta datse ta. Masu harkar sun daɗe suna cewa kai intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kawo shi daga Landan zuwa Legas tsada. An tsayar da naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin izini, jihohi da yawa suka yi kunnen ƙashi. Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, lokacin da Isa Pantami yake ministan sadarwa yana matsa wa gwamnoni lamba. Abin a yaba ne. Sai dai wanda ke sayen mega hamsin a hannu na uku bai ji sauƙin a aljihunsa ba, musamman da aka saki naira a 2023, kayan aiki da kuɗin layin waje kuwa da dala ake lissafinsu.

To, ga abin da na tarar a nan.

A 2004, ƙauyukan Osona, wato gundumar da Vic take, suna cikin halin da muka sani: manyan kamfanoni sun ga babu riba a kai layi mai kyau gonaki. Wani injiniya mai suna Ramon Roca, mazaunin ƙauyen Gurb da ke maƙwabtaka da Vic, ya haɗa gidansa da gari ta eriya. Maƙwabta suka ce su ma, kowa ya sayi eriyarsa ya jona da na kusa da shi. Daga nan guifi.net, cibiyar intanet ta haɗin gwiwar jama'a, ta samo asali. A 2008 aka kafa mata gidauniya, daga baya manoman Gurb suka yi karo-karo suka ja wayar faiba da kansu, a 2015 Hukumar Tarayyar Turai ta ba ta lambar yabo. Yau mahaɗanta sun haura 30,000.

Tarihin yana da daɗin ji, amma ba shi ya ɗauki hankalina ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ƙananan kamfanoni masu neman riba, masu gasa da juna a kan kwastoma ɗaya, suke zama a kan hanya guda. Gidauniyar tana da lambar cibiya tata, wato lambar da sauran cibiyoyin intanet ke gane ta da ita, da adireshinta na intanet, tana da kujera a CATNIX, mahaɗar musayar intanet ta Barsalona. Layin waje a dunƙule ake sayensa, farashin sari. Kowane kamfani yana bayyana abin da ya kashe wajen gini da gyara, na'ura kuma tana auna abin da kwastomominsa suka ja. A kai a kai sai a zauna a buɗe littafi. Wanda ya sha fiye da abin da ya zuba ya cika, wanda ya zuba fiye da abin da ya sha a mayar masa. A kasuwa kowa da farashinsa da iya bakinsa, a wurin sari kuwa buhu ɗaya ne.

Kada a ɗauka aljanna ce. Ana faɗa a teburin nan, ana zargin juna, akwai masu fita su kama gabansu. Katalawa ma 'yan Adam ne, kuma a kan kuɗi ba su da wasa ko kaɗan. Abin da ke riƙe tafiyar shi ne ma'aunin a fili yake, kuma ba a hannun ɗaya daga cikin masu gasar yake ba.

Da na kawo wa ƙanena wannan magana dariya ya yi. "Yaya, ka daɗe a Turai. Nan wa zai yarda da wa?" Na san abin da yake nufi, amma ban karɓa ba. Mutanen da suke adashe na miliyoyi ba takarda? 'Yan Kantin Kwari da Singa da suke haɗa kuɗi su cika mota ɗaya da kaya, kowa ya san dilarsa? Mahauta nawa ne suke tarayya a sa ɗaya su yi watanda? Mun iya tarayya tun kafin a haifi kakan intanet. Inda ake samun cikas shi ne sa ana ganinsa, dila ana ƙirga ta, mega kuwa iska ce ga wanda bai koyi auna ta ba. Abin da ba ka gani, dole ka yi zargin an cuce ka a kansa. Saboda haka ni a ganina tun daga awo ya kamata a fara, kafin ƙungiya, kafin shugaba da ma'aji da kalanda mai hotuna.

Awon kuma ba wani sihiri ba ne. A kasuwar sari ta duniya, yadda aka fi biyan kuɗin layi shi ne na'ura ta riƙa duba abin da ke wucewa duk minti biyar har wata ya cika, a jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin 100 na sama, a biya a kan mafi girman abin da ya rage. Kashi biyar ɗin nan kusan awa 36 ne a wata. Ma'ana daren wasan Barsa da Madrid, ko ranar da wayoyi suka tashi sabunta kansu gaba ɗaya, ba zai ja maka kuɗin wata ba. Mutum biyar da suka haɗu a layi ɗaya za su iya raba kuɗin da irin wannan lissafi, kowa na kallon zanen awon a wayarsa. Akwai kuma garaɓasar da mai saye shi kaɗai ba ya samu. Cunkoson kowa da lokacinsa: mai ba ofisoshi da shagunan POS da rana yake cika, mai ɗalibai da dare. In suka haɗu, layin da zai ishe su bai kai jimillar layukansu biyu ba.

Sai maganar da ta fi ci min rai. Yawancin abin da yaran nan ke kallo, YouTube ne da Facebook da Instagram da TikTok. Google da Meta da Netflix suna ba kamfanonin intanet na'urorin ajiya su girka a ɗakinsu, bidiyon da aka fi nema ya zauna kusa, ba sai an ɗebo shi daga nesa sau dubu ba. Amma sai jan kamfani ya kai wani mizani suke kula shi. Mai mega hamsin ko amsa ba zai samu ba. Haka IXPN, mahaɗar musayar intanet ta Najeriya da aka kafa a 2006, tana da reshe a Kano da Abuja. Shiga cikinta na buƙatar lambar cibiya daga AFRINIC, hukumar da ke raba irin waɗannan lambobi a Afirka, da kuɗin shekara da dala, da waya zuwa wurin. Ga mutum ɗaya nauyi ne, ga mutum goma jinka ce da hannuwa suka taru a kanta. Ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka rikice, kowa ya ji a jikinsa. Ranar ce aka gane wa ke da ƙofa ta biyu. Ƙaramin mai wayifai ba zai iya biyan layi biyu daga kamfanoni biyu ba, taron masu wayifai zai iya.

Na san za a ce min ai ga Starlink. Tun da ta shigo Najeriya a Janairun 2023 faranti ya cika rufin gidaje, a Nijar ma haka, kuma a ƙauyen da faiba ba ta da ranar zuwa ni ma ita zan saya, ba musu. Amma mai gina sana'a a kanta ya san abu biyu. Rajistar gida ba ta halatta sayarwa ga wasu ba, ranar da suka ga dama su rufe ba ka da bakin magana. Sannan sararin sama ma yana cika: a ƙarshen 2024 sai da suka dakatar da karɓar sababbin masu rajistar gida a Legas da Abuja saboda cunkoso. A matsayin ƙofa ta biyu, madalla. A matsayin tushen gida, gini ne a filin aro.

Wani abu kuma da ba ya buƙatar kowa ya yarda da kowa. A daren nan da na shiga rautar ƙanena, na tarar mutum huɗu ne suka danne fiye da rabin layin suna sauke finafinai, sauran suna jiran saƙon WhatsApp ya tafi. Ya sa wa kowa iyakar gudu, amma bai tsara layin jira ba. Muka kunna tsarin da ke ba kowa rabonsa bi da bi, ƙananan saƙonni da kiran murya su riƙa wucewa gaba, muka tsayar da iyakar layin gaba ɗaya ƙasa kaɗan da abin da yake samu da gaske, don cunkoson ya taru a rautarsa inda yake da iko, maimakon a wurin dillali. Ko mega ɗaya bai ƙaru ba, amma kiran zagi ya ragu. Muka fito da kati mai araha na bayan sha biyun dare don masu manyan saukewa. Da azumi kuwa sai da aka sake lissafi, don unguwar ba ta barci tsakanin tarawihi da sahur, abin da abokan aikina na nan ba su taɓa gani a zanen awonsu ba. Na kuma sa ya daina rubuta mega biyar a kati. Ya ji zafin wannan fiye da komai, wai maƙwabcinsa goma yake rubutawa.

Wutar lantarki, tsaron ƙarfen sabis, ɓarayin batura, lasisin NCC, duk na san suna nan, kuma Katalawa ba su san rabinsu ba. Ban ce a kwafo guifi.net a dasa a Samaru ba. Na ce ne kawai kowace ɗaya daga cikin waɗannan wahalhalu ta fi sauƙin ɗauka a tare, mai gadi ɗaya da sola ɗaya a ƙarfe ɗaya mai tsawo, maimakon gajerun ƙarafa biyar suna toshe wa juna iska a zangon 5GHz da eriyoyin ke aiki a kai.

Watan jiya ya kira ni. Ya samu mutum biyu sun yarda su je wurin babban kamfani tare su nemi farashin mega ɗari biyu, kuma wani malamin kwamfuta da dukansu suke jin nauyinsa zai riƙe na'urar awo. Na huɗunsu, wanda ƙarfensa ya fi na kowa tsawo, ya ce yana so, amma ba zai bari a ga yawan kwastomominsa ba. Na ce a gaya masa ba kawuna za a ƙirga ba, mega za a auna. Ya ce zai yi shawara bayan sallah.