Ku ji ta bakin mutanen Agadez ma

Na karanta rahoton nan naku kan 'yan ci-rani masu bi ta Agadez zuwa Libiya, amma kun tsaya a kan masu mutuwa cikin hamada, ba ku taɓo garin kansa ba. Ni na yi shekaru a can ina sayar da jarkokin ruwa, waɗanda muke ɗinke wa buhu don kada rana ta dafa ruwan. Kafin dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, ran Litinin gari cika yake yi maƙil: Hilux jere za su kama hanyar Dirku, ga masu rawani da tabarau, ga mata masu tuwo, ga 'yan canji, kowa na samun na cefane.

Da Turai ta matsa lamba aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, kasuwa ta mutu murus. Matafiya kuwa ba su fasa ba, sai suka koma ɓarauniyar hanya inda babu rijiya. Wani maƙwabcina motarsa ta shekara bakwai a tsare, tayoyin har sun ruɓe, da ita yake ciyar da gida biyu. An soke dokar a Nuwamban 2023, to shi wa zai biya shi?